Daga Gonakin Ɗambatta Zuwa Lambun Shayi na Mambila

Wanda ya tashi a ƙasarmu, wato arewacin Jihar Kano wajen Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Bici, bai san daji ba sai a tatsuniya. In ka fita daga ƙofar gida ka shiga gona, daga wannan gona sai wata gona, har ka kai gidan maƙwabci. Ba inda za ka tsaya ka ce nan ba mai shi. Iyakar gona 'yar siririya ce, layin gamba ko na lalle, wani wuri ma an matse burtali har jaki da mangala sai ya karkace kafin ya wuce. Kura da damisa suna nan a bakin kakanni da dare, amma yaranmu ba su san sawunsu ba. Naman dajinmu ya tsaya ga zomo da kurege da gafiya da bushiya, sai kuwa fakara in an yi sa'a.

Saboda haka sa'ad da hanya ta samu bayan girbi muka shirya zuwa Jihar Taraba, mu bakwai, maza da mata da dattijo guda, domin mu gai da 'yan'uwanmu waɗanda aiki ya kai Gembu, sai muka ƙudura mu ga abu biyu da ba mu da su a gida. Na fari kurmi da namun da suke cikinsa. Na biyu itacen shayi, gama kullum safiya muna shan ruwansa, ko a gida ko a teburin mai shayi, amma a cikinmu ba wanda ya taɓa ganin itacen a tsaye.

Ba za mu gajishe ku da labarin hanya ba. Tafiyar kwana biyu ce cur. Muka bi ta Wudil da Birnin Kudu da Gombe da Kaltungo, muka haye gada a Numan inda kogin Gongola yake faɗawa cikin Binuwai, muka kwana a Jalingo. Kashegari muka yi kudu ta Garba Cede da Bali, muka nufi Serti. Abu ɗaya kaɗai za mu tsaya a kansa, gama ya shafi dukan abin da muka gani daga baya. Tun daga Garba Cede muka fara lura da kututture a gefen hanya, masu kauri, an yanke su da zarto daidai gwiwa. Madobiya ce, wadda 'yan katako a can suke kira madrid. Wajen shekara ta 2014 zuwa 2017 kasuwarta ta buɗe a ƙasar Sin, inda ake yin kujeru da gadaje masu tsada da jan katakonta, sai masu injin zarto suka cika dazuzzukan Taraba, manyan motoci suna kwasa dare da rana zuwa Ikko. Kafin hukumar duniya mai kula da cinikin itatuwa da namun daji ta dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018, manya-manyan sun riga sun tafi. Dattijon namu ya daɗe yana kallo ta taga, sa'an nan ya tambaya, “Wai su waɗannan itatuwa, na wane ne?” Direba ya ce, “Baba, ai daji ne. Na kowa ne.”

Gindin dutse

Serti gari ne a gindin duwatsu, nan ne fadar Lamɗo Gashaka, nan kuma babban ofishin Gandun Dajin Gashaka Gumti yake. A 1972 aka fara keɓe Gashaka da Gumti domin namun daji, a 1991 kuwa gwamnatin tarayya ta haɗa su ta mai da su gandun ƙasa guda. Faɗinsa ya fi murabba'in kilomita 6,400, wato kusan sulusin Jihar Kano ke nan, ya ratsa daga Taraba har cikin Adamawa, ba kuwa wani gandun dajin da ya kai shi girma a Nijeriya. A gefensa na gabas, a kan iyakar Kamaru, akwai Cappal Waddi, mai tsawon mita 2,419, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan. Ba a shiga gandun sai da izini. A ofis muka biya kuɗin shiga, aka haɗa mu da ma'aikaci guda mai kaki da bindiga, shi ne jagoranmu har muka fito.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne ruwa. A watan Nuwamba ne, lokacin da rafukanmu na gida sun riga sun koma yashi, sai an yi tono. A nan kuwa kogin Kam yana gudu a kan duwatsu, ruwan garau, kana tsaye a gaɓa kana ƙidaya kifi. Akwai wani gurbi mai zurfi inda dorina takan kwanta. Muka zauna shiru har muka ga kunnuwa biyu da hanci sun ɓullo, ta yi huci, ta koma. Ɗaya daga cikin matan ta kama hannun 'yar'uwarta ta ce, “Yaya, mu ja da baya, wannan ba saniya ba ce.” Jagoran ya ce gaskiyarta, dorina ta fi kada haɗari ga mai kwalekwale.

Daga ƙauyen Gashaka, inda har yanzu ana ganin ragowar sansanin Jamusawa a kan tudu, muka taka da ƙafa wajen sa'a uku zuwa Kwano. Hanya tana bi ta cikin ciyawa wadda ta fi mutum tsawo, ƙudan tsando yana cizo ta cikin riga, sa'an nan ba zato sai ka gangara cikin kwari ka tarar rana ta ɓace. Wannan shi ne kurmi. Mu da muka saba da kuka da ɗorawa masu buɗe rassa a fili, ba mu taɓa ganin itace ya miƙe sambal kamar sandar tuta ba, ba reshe ko ɗaya sai can sama inda ya gamu da 'yan'uwansa suka rufe sararin. Gindin waɗansu ya baje kamar katanga, mutum biyu za su ɓuya a tsakanin saiwoyin. Ƙasa a jiƙe take, tana ƙanshin ruɓaɓɓen ganye. Dattijonmu ya sunkuya ya ɗebi ƙasar a tafin hannu, ya murza, ya sansana. Manomi ne, ba ya iya wuce taki bai duba ba. Ya ce da za a ba shi mangala goma ta wannan, da gonarsa ta bayan gida ta yi dawa har rumbu ya tsage.

Birai suna da yawa, mutanen wurin kuma suna da suna ga kowane iri. Akwai gogo, wanda ba ya tsoron mutum, yana zaune a kan hanya yana kallonka kamar shi ne mai unguwa. Akwai kirka da jan biri, waɗanda muka sani. Akwai baƙin biri mai farin tabo a hanci. Wanda ya fi kyau shi ne biri mai roro, baƙi wuluk da farin gashi dogo a kafaɗu kamar ya yafa mayafi, in ya yi tsalle daga wannan itace zuwa wancan sai gashin ya buɗe a iska. Amma babban wanda ake zuwa nema shi ne biri mai ganga, wanda Turawa suke kira cimfanzi. An ba shi wannan suna domin yakan buga saiwoyin nan masu kama da katanga da hannu da ƙafa, amon ya tafi nesa cikin kurmi. Ba shi da wutsiya. Kowace yamma yakan lanƙwasa rassa ya yi wa kansa gado a sama, gobe kuma ya yi sabo. Yakan fiƙe tsinke ya zura cikin rami ya lashi zuma, ko ya tsoma shi cikin kwarkwasa ya tsotse. Irin da yake nan ba a samunsa ko'ina a duniya sai a Nijeriya da Kamaru, masana kuma suna ganin Gashaka tana cikin wuraren da ya fi yawa. Tun shekara ta 2000 wani masani mai suna Volker Sommer daga jami'ar Landan ya kafa sansanin bincike a Kwano domin birai, mutanen Gashaka kuwa su ne idonsa da kunnensa a kurmi.

Mu dai ba mu gan shi ba. Mun ga gadajensa uku a kan itace guda, ganyen ɗaya bai ko yi yaushi ba, da asuba kuma muka ji gangar daga ƙetaren kwari, da ihu a bayanta. Ya ishe mu. Wanda ya ce muku ya je kwana biyu ya yi ido biyu da biri mai ganga, ku taya shi murna, gama masu bincike kansu sukan yi mako suna bin sawu.

Kada mai karatu ya ɗauka gandun cike yake da namu kamar yadda ake gani a hotunan Kenya. Giwa ta ƙare a nan tun da daɗewa, an kuma daɗe ba a ji labarin zaki ko kyarkeci ba. Manyanmu suna tune da ciwon bushiya na 1983, wanda ya kwantar da garkunan Fulani a dukan Arewa. Bai tsaya ga shanu ba, ya shiga ɓauna ma ya yi mata ɓarna. Bayan wannan ga mafarauta masu kai busasshen nama kasuwannin kudu, ga masu haƙar ma'adini, ga garkunan da ake turowa cikin gandun da rani. Abin da ya rage, ɓauna da mazo da gwambaza da aladen kurmi da damisa da ɗan kunya, ya rage ne domin akwai masu kwana a daji suna tsaronsa, waɗansunsu kuma sun rasa ransu a kan wannan aiki. A 2017 wata ƙungiya mai suna Africa Nature Investors ta ƙulla yarjejeniya da hukumar gandayen ƙasa, ta ɗauki samarin garuruwan kewaye ta horar da su aikin tsaro, tana kuma taimakon matansu da sana'a. A ganinmu dabarar tana da kyau, gama yaron da albashinsa yake fitowa daga gandu ba zai nuna wa mafarauci hanya ba.

Amfanin wurin bai tsaya ga birai ba. Waɗannan duwatsu masu kurmi su ne suke shanye ruwan damina, su riƙa sakinsa kaɗan kaɗan dukan rani zuwa kogin Taraba, shi kuma ya kai Binuwai. Masunci a Ibi ko a Makurɗi bai taɓa ganin Kwano ba, amma da ruwanta yake ci.

Hawan Mambila

Daga Serti hanya ta kai mu Mayo Selbe, daga nan kuwa sai hawa. Titi yana naɗewa a jikin dutse kamar rawani, dama dutse, hagu rami wanda ba a ganin ƙarshensa, mota tana nishi, kunnuwa suna toshewa. A cikin motar ba mai magana, sai addu'a a zuci. Da muka kai Maisamari a bisa, muka fito muka ga kamar an canja mana ƙasa. Kurmin ya ƙare. Tuddai ne masu santsi, kore shar, ɗaya bayan ɗaya har iyakar gani, shanu jajaye masu ƙiba sun bazu a kansu, gajimare yana ratsawa ta tsakaninsu. Iska ta bugo, kowa ya nemi rigar sanyi. Tudun Mambila yana wajen mita 1,600 bisa teku, ruwan da yake samu a shekara kuwa ya fi ninki biyu na wanda muke samu a Ɗambatta, yana kuma farawa tun muna tsakiyar bazara.

Ƙasar nan ba ta daɗe da zama Nijeriya ba. Dā tana hannun Jamus cikin Kamaru. Bayan yaƙin duniya na fari Ingila ta riƙe ta amana, sai a watan Fabrairu na 1961 aka yi ƙuri'a, mutanen arewacin Kamaru ta Ingila suka zaɓi Nijeriya, aka kira wurin Lardin Sardauna. Har yau sunan ƙaramar hukumar ke nan, hedkwatarta Gembu. Mambila ne 'yan ƙasa, tare da Kaka da Kambu da Panso da Fulani. A kasuwar Nguroje Fulatanci ya fi Hausa tafiya, ko da yake ba mu rasa mai ji ba. Masara ce abincinsu, da gwaza da dankalin Turawa. Ayaba da fiya kuwa arha kamar a ba ka kyauta.

Lambun shayin yana Kakara, ba nisa ƙwarai daga Nguroje. Ku da kuke tsammanin wani babban itace ne, ku sauke tsammaninku. Tsayinsa iyakar ƙugu. An dasa shi layi layi, kusa da kusa, an aske kansa daidai wa daida, har in ka hango tudun sai ka ce an shimfiɗa masa koren bargo. In an ƙyale shi zai yi tsawo ya wuce soro, amma ba a ƙyale shi, gama toho ake so, toho kuwa sai an riƙa datsewa yake yawa. Asalinsa daga kudancin ƙasar Sin ne da Asam ta Indiya. Yana son ƙasa mai tsami, da sanyi, da ruwa a yawancin watannin shekara, shi ya sa ba zai yi a wurinmu ba ko da an kai shi bakin madatsar Tomas ana ba shi ruwa safe da yamma. A shekarun 1970 aka kawo irin da ake nomawa a Kakara daga Kenya, aka kafa ma'aikata, shayin da take fitarwa shi ne Highland Tea, yanzu kuma tana hannun gwamnatin Taraba. A Kusuku, nan kusa, Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya tana da reshe inda ake gwada irin shayi da na kofi.

Muka iske masu tsinka da sassafe, yawancinsu mata, kowace da kwando a baya, raɓa ta jiƙe su har ƙirji. Ba kowane ganye ake tsinka ba, sai ganye biyu na can bisa da ɗan tohon da bai buɗe ba. Hannu biyu suke aiki tare, a cika tafi a jefa ta bisa kafaɗa, ba a ko waiwaya. Matanmu, waɗanda ba a fi su saurin roron wake ba, suka roƙa a bar su su gwada. Wata tsohuwa ta duba abin da suka tara, ta yi dariya, ta ware fiye da rabi ta zubar, ta ce da Hausarta mai karin Fulatanci, “Ƙanwata, wannan ya tsufa, zai ɓata mana shayi.” Awo ake yi a sikeli, gwargwadon nauyi gwargwadon lada. Ɗanyen ganye kilo 4 zuwa 5 shi yake ba da kilo 1 na busasshe, ku lissafa tsinka nawa ke cikin ƙunshi guda da ake saya a kanti.

Ganyen ba ya jira. In an tsinka da safe, dole ya shiga ma'aikata ran nan. A can ana baza shi a dogayen kwamaye, iska tana bi ta ƙarƙashi har ya yi yaushi. Sa'an nan injin ya murƙushe shi ya yayyanka ƙanana. Daga nan a bar shi ya sha iska, nan ne kore yake juyewa ya zama ja kamar goron da aka tauna, ƙanshin nan da muka sani ya tashi. Sai a busar da shi da zafi ya yi baƙi, a tankaɗe, a ware manya da ƙanana. Mun yi mamaki da muka ji cewa koren shayin da Buzaye suke dafawa a 'yar buta a kan gawayi, da wannan baƙi na madara da burodi, duk itace ɗaya ne. Bambancin kawai, shi koren ana gasa ganyen tun da wuri, ba a bar shi ya juye ba.

Wutar da take juya injunan daga wata ƙaramar madatsa take zuwa, a Tunga, wadda aka gama a 2013 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarfinta kilowat 400 ne kacal. Mun ambaci wannan ne domin a kan tudun nan ne aka shekara arba'in ana alkawarin babbar madatsa a kogin Donga mai megawat 3,050. An sa hannu a kwangila a 2017, amma har 2024 ba a aza tubali ba. 'Yar ƙaramar dai ita ce ta ba da wuta. Shayin da ake sha a Nijeriya kuwa, mafi yawansa har yanzu daga waje yake zuwa, alhali Kenya, inda aka samo irin, ta fi kowace ƙasa sayar da baƙin shayi a duniya.

A Indiya ma akwai wuri irin wannan, ana ce da shi Duwas, a gindin duwatsun Himalaya, inda lambunan shayi suke manne da gandayen karkanda da giwa, har giwaye sukan ratsa ta cikin lambu da dare su rushe gidajen ma'aikata. A Mambila ba a da wannan damuwa, amma dalilin ba abin murna ba ne. Kurmin da yake bisa tudun ya kusa ƙarewa.

Abin da ya rage mafi girma shi ne Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, wanda aka keɓe a 1969. Kurmin kansa bai wuce murabba'in kilomita 7 ba, yana maƙale a gefen wani gangare, da 'yan birai masu ganga kaɗan a ciki waɗanda ba su da hanyar zuwa wurin 'yan'uwansu na Gashaka. Kowace shekara da rani ana sa wa ciyawa wuta domin sabon toho ya fito wa shanu, wutar kuwa takan lashi bakin kurmin, shanu su tattake 'yan itatuwan da suka tsira. Wata masaniya daga Niyu Zilan, Hazel Chapman, wadda mahaifinta ya yi aikin gandun daji a wannan ƙasa a shekarun 1970, ta kafa aikin bincike a nan, ta ɗauki samarin Yelwa. Sun kewaye waɗansu wurare da waya, suna yin shara kewaye domin tare wuta, suna renon irin itatuwan kurmin a leda suna dasawa. In ka tsaya a bakin wayar, hagu ciyawa ce gajeriya da hanyoyin kofato, dama kuwa 'yan itatuwa sun fi mutum tsawo. Ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya ne.

Itacen da ya yawaita a Mambila yau shi ne turare, wanda ake kira zaiti. Baƙo ne daga Ostareliya. Kowane gari yana kewaye da shi, kowane magidanci yana da nasa layi, da shi ake gini, da shi ake girki, ana kuma saran katakonsa a gangara da shi ƙasa a sayar. Ba wanda yake sa masa wuta, domin an san mai shi, in ka taɓa za ka amsa a gaban alƙali. Mutanen wurin suna kuka da shi cewa yana shanye idon ruwa in an dasa shi kusa da rafi, tsuntsu da biri kuma ba su samun abinci a jikinsa. Duk da haka shi yake ƙaruwa.

Mu da muka zo daga ƙasar da ake faɗa a kan taku biyu na iyaka, da muka ga tuddan nan sai muka ce ai nan ƙasa ta ishi kowa. Ashe waya ta riga ta kewaye yawancinsu. Manyan makiyaya da masu kuɗi daga birane suna riƙe da tuddai, manoma suna matse a kwari, yawan mutane kuma yana ƙaruwa. Rikici a kan ƙasa ya sha tashi, na watan Yuni 2017 ya ci rayuka da yawa da dukiya mai yawa. Mun zauna da manoma, mun sha nono a rugar Fulani, kowane gefe yana da makokinsa, ba mu kuwa da ikon raba musu gardama a kwana biyar.

Da dare a Gembu, muna kewaye da murhu saboda sanyi, sai zance ya koma gida. Wani saurayi a cikinmu ya ce abin kunya ne, su suna da kurmi mu ba mu da ko ɗaya. Dattijon ya ce masa, “Ɗana, ƙidaya mini itatuwan gonar ubanka.” Ya fara ƙidaya: gawo huɗu, ɗorawa biyu, kuka, tsamiya, kanya, da darbejiya a bakin gida. Kowane da wanda ya gāje shi. Ɗorawar ma an san matar da take da kalwarta. Ba mai hawa ya sassabe reshe sai da izini.

Maganar dattijon tana da shaida a rubuce. Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'ar Zariya da ta Bayero, ya yi shekaru tun daga 1960 da 'yan kai yana auna gonakin kewayen Kano. Shi da abokan aikinsa sun tarar da itace 12 zuwa 15 a kowace hekta a gonakin da suka fi cunkoson mutane, sun kuma tarar yawan bai ragu ba ko bayan farin 1973. Abin da ya fi ba masana mamaki, itatuwa sun fi yawa kusa da birni, inda ake tsananin bukatar itacen girki, fiye da can nesa inda daji ya fi sake. Manomi yana sassabe reshe ya bar gindi. Gawo kuwa ya san aikinsa, yana zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, da rani ya yi ganye da 'ya'ya domin awaki. A Maraɗi ma haka aka gani. Muddin doka ta ce itace na gwamnati ne, manoma suna tumɓuke toho tun yana ƙarami kada ya jawo musu tara. Daga 1983, sa'ad da Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM ya fara koya wa mutane su bar toho biyu ko uku a kan tsohon kututture, hukuma kuma ta sassauta ta bar wa manomi amfanin itacensa, sai gonakin kudancin Nijar suka sake yin itatuwa a fili mai faɗin wajen hekta miliyan 5.

Ba mu ce namu ya isa ba. Gawo ba ya ɓoye ɓauna, gonar gero kuma ba ta haifar da kogi. Akwai abin da sai kurmi ne yake iya yi, kurmi kuwa ba ya rabuwa gādo gādo kamar gona, dole sai hukuma da mutanen kewaye sun riƙe shi tare. A gida ma abin ya fara sauyawa. Buhun gawayi ya yi tsada, mun kuma san gonakin da magada suka sayar da ɗorawar kakansu ga mai zarto tun ba a yi arba'in ba, ba a kuwa dasa wata ba.

Ga wanda yake so ya je, daga Disamba zuwa Maris ne hanyar cikin gandun take biyuwa, gama da damina koguna sukan hana ƙetarewa. Lambun shayi kuwa ya fi kyau tun ƙasa tana da danshi. A tambayi halin hanya a Jalingo kafin a kama ta Bali, kada kuma a yi tafiyar dare. A riƙe bargo da takalmi mai rufi, da maganin zazzaɓi saboda kwanan Gashaka. Mu mun sauko da shayi ƙunshi goma sha biyu, da zuma galan guda, da fiya cike da kwali wadda rabinta ya nuna ya lalace tun ba mu kai Gombe ba. Saurayin nan ya so ya ɗauko 'ya'yan turare ya shuka a bakin rijiyarsu, dattijon ya hana shi.